Wane ƙwan fitila zan sa wa tsakar daji da dare wanda ba zai dafa ta ba?

Ɗan Hotoro:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata a kan fitilar dare ce, amma bari in fara faɗin abin da nake kiwo don kada a ba ni shawarar 'yan tsaki.

Tsakar daji ce, irin mai kaurin jelar nan mai ratsin makuba da ruwan ƙasa. Ba tsakar bango ba ce da ke laɓewa bayan ƙwan lantarki tana cafkar ƙwari. Wannan a ƙasa take yawo, ba ta iya hawa gilashi domin 'yan yatsunta ba su da abin mannewa, kuma tana da fatar ido, tana ƙiftawa, tana rufe ido in za ta yi barci. Wani abokin aikina ne ya bar min ita da aka mayar da shi Legas, uwargidansa ta ce a mota ɗaya ko ita ko tsaka. Mace ce, tsawonta har jela bai wuce santimita 20 ba.

Akwatin na gilashi ne, tsawo santimita 60, faɗi 40, tsayi 30, murfinsa na raga. A ƙasa na zuba ƙasa da ɗan yashi, na kifa tsingaron tukunya biyu da take shiga, ga murfin kwalba na ruwa. Gyare da ƙananan kyankyasai nake ba ta, in barbaɗe su da garin kalshiyam tukuna.

Ga inda matsalar take. A ɗakin gwajin jini nake aiki, sai bayan isha'i nake shigowa gida, ita kuma a lokacin take fitowa. Da rana ka rantse babu komai a akwatin. To da na kunna fitilar ɗaki, fara ce mai wat 15, sai ta ƙame, ƙwayar idonta ta tsuke ta koma siririn layi, ta juya ta shige tsingaro. Gyaren su kwana suna yawo suna hana ni barci. Ni kuwa ina so in ga cin abincinta da idona, domin ta nan kawai nake gane ko lafiyarta ƙalau.

Tare da akwatin aka haɗo min da wani jan ƙwai mai wat 50, a jikin kwalinsa an rubuta wai na dare ne, dabbobi masu rarrafe ba sa ganin ja. Cikin hunturu ya yi min amfani. Amma yanzu da bazara ta kankama abin ya gagara. Ɗakina a saman bene yake, rufin kwano, bangon yamma kuma yini yake yana shan rana. Ƙarfe goma na dare ma'aunin zafi yana nuna digiri 33 a ɗakin, ba a kunna komai ba. In na kunna jan ƙwan nan, kafin awa guda cikin akwatin ya kai 38. Shekaranjiya na same ta ta kwanta a cikin murfin ruwa, ta manne da kusurwar da ta fi nisa da ƙwan. Nan take na kashe, ban sake kunnawa ba.

Abin da nake nema haske ne wanda zan riƙa ganinta da shi, ita bai dame ta ba, kuma bai ƙara ko digiri ɗaya a akwatin ba. Na ga ana tallar wasu shuɗɗan fitilu wai hasken farin wata, na ga kuma jajayen LED. Wanne ya fi? Sannan a yi la'akari, ƙaramar sola ce da ni mai batir ɗaya, ita ke riƙe min fanka in an ɗauke wuta, ba na so in ɗora mata kaya. Na gode.

Baba Na Gwale:

Ikon Allah. Yaro, mu muna bin tsaka da takalmi, kai kana neman mata fitilar barci? Ka tambayi malamai kuwa? Akwai hadisi a kan tsaka fa, ba ƙirƙirata ba ce. Kuma tun muna yara ake rufe kwanon abinci saboda ita. Allah ya shirya mana ku.

Ɗan Hotoro:

Amin Baba, Allah ya ƙara girma. Na san hadisin, kuma maganarsa ta malamai ce, ba zan tsoma baki ba. Amana aka bar min, tana hannuna, ba zan bari zafi ya kashe ta a akwati ba. Abincina kuwa a rufe yake, ita ma a rufe take.

Injiniya Mai Sola:

Wa alaikumus salam. Ni ban san tsaka ba, amma na san ƙwai, don haka zan tsaya a nawa.

Jan ƙwan nan naka hita ce aka yi wa fenti. Irin tsohon ƙwai ne mai siririyar waya a ciki, wuta ta bi ta ta yi ja-wur ta ba da haske. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi yake zama kai tsaye. Ɗan abin da ya rage na haske kuma, jan gilashin ya tare mafi yawansa, shi ma ya koma zafi. Kai, a ƙarshe duk wat ɗin da ka kunna cikin rufaffen wuri zafi zai zama, ko wane irin ƙwai ne. Saboda haka kada ka ɓata lokaci wajen neman ƙwan da aka rubuta wa "mai sanyi", lambar wat kawai za ka duba. Wat 50 a kan akwatin da bai kai girman jakar tafiya ba, a ɗakin da ya riga ya kai 33, ai 38 ɗin ma ta yi maka sauƙi.

Abin da zai yi maka shi ne LED mai wat ɗaya ko ƙasa da haka. Hanya mafi arha: ka shiga Sabon Gari wajen masu kayan wuta ka ce a ba ka igiyar LED mai bakin USB, mai bolt 5. Kada ka yi amfani da ita duka. A jikinta akwai wuraren da aka zana alamar almakashi, ka yanke ka bar ƙwayoyi uku kacal. Waɗannan ba za su ci ko rabin wat ba, ka taɓa su bayan awa uku ba za ka ji komai ba. Kan cajar waya ma ya ishe su.

Sai dai abu biyu. Na farko, in da fawa-bank za ka haɗa, da yawansu suna kashe kansu in suka ji abin da aka jona musu ba ya jan wuta sosai, su ɗauka waya ce ta cika. Za ka ga fitilar ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi ka zaci ta lalace. Ka jona ta a bakin USB na jikin kwantirolar solarka, wannan ba ya yi maka haka. Na biyu, kada ka sayi irin masu rimot ɗin nan da ke canza launi ana rage musu haske. Yadda suke rage hasken shi ne su riƙa kashewa da kunnawa da sauri sosai, idonka ba zai gani ba, amma ka ɗora kyamarar waya za ka ga layuka suna gudu. Ko dabbar tana ganin wannan rawar, likitoci ne za su faɗa. Ni dai in hasken ya yi yawa, matsar da fitilar nake yi. Ka ninka nisa biyu, hasken da ke isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ko ka manna mata farar takarda ninki biyu.

Kuma kada ka sa ta cikin akwatin ko a kan ragar. Ka manna ta a bayan teburi ta haska bango, bango ya dawo da hasken. Ta haka ko ɗan ɗumin nata ma ba zai je wa dabbar ba. Batir ɗinka kuwa ba zai ma san da ita ba, fankarka a minti biyu ta ci abin da wannan za ta ci a awa.

Launi, ni ja zan zaɓa, shi ne ba ya kashe wa mutum ido cikin duhu.

Dakta (likitar dabbobi, Zariya):

Malam, sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ka kashe ƙwan nan. Kwanciya cikin ruwa da mannewa a kusurwa alamar ta rasa inda za ta gudu ne. Irin waɗannan dabbobi jikinsu ba ya daidaita zafin kansa, ba sa gumi, babbar dabararsu ita ce su tashi daga wuri mai zafi su koma mai sanyi. A daji rami take shiga ko ƙarƙashin dutse da ruɓaɓɓen itace. In duka akwatin ya haura 35 babu lungun tsira, dare ɗaya na iya gamawa da ita.

Injiniya ya gama magana a kan wuta. Abin da zan ƙara shi ne ka raba abu biyu da masu sayar da kaya suka haɗe maka a ƙwai ɗaya: haske daban, ɗumi daban. Ɗumi, wani lokaci tana bukatarsa da dare. Haske kuwa ba ta bukatarsa ko kaɗan, kai ne mai bukata. Wannan ba laifi ba ne, ni ma ina so masu kiwo su riƙa ganin cin abincin dabbobinsu. Amma tunda don kai ne, to a kunna lokacin da kake kallo, minti 20 ko 30, a kashe. Kada a bar fitilar ta kwana a kunne, ko wane launi ce.

Dalili kuwa idon. A jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin an yi bincike a kan wata tsakar dare ta gaɓar tekun Maroko da Muritaniya. A 2004 suka nuna tana bambance launi a hasken wata mai rauni, inda mu mutane komai ya riga ya zame mana toka-toka. A 2009 kuma suka lissafta cewa idonta ya ninka namu sau 350 wajen kama launi cikin ƙarancin haske. Taka ba jinsinsu ɗaya ba, amma ita ma ta dare ce, shi ya sa ƙwayar idonta ke tsukewa haka in ka kunna farar fitila. Farin wata cikakke, daren 14, haskensa a ƙasa bai fi kwatan lus ɗaya ba (lus shi ne ma'aunin ƙarfin haske). Ɗakin da aka kunna wa fitila sosai kuwa yana kai lus 100 zuwa sama. Ka ga tazarar.

Maganar ba sa ganin ja, rabinta gaskiya ce aka ja ta ta zama ƙarya. Tsakar dare tana da ƙwayoyin ganin launi iri uku: na kore, na shuɗi, da na wani haske da ya wuce shuɗi wanda mu ba ma gani. Ja mai duhu sosai ya yi nesa da dukkansu, don haka da rauni take ganinsa. Amma rauni ba rashin gani ba ne. Ƙwai mai wat 50 a saman kanta, ko da jan ne, yana zubo haske mai launin ruwan lemo da sauran launukan da gilashin bai tare ba, kuma ya fi ƙarfin wata nesa ba kusa ba. Ga sauran dabbobin kuwa maganar ma ba ta taso ba. Ƙadangare, hawainiya da kunkuru na rana ne, suna ganin ja sarai, yawancinsu ma sun fi mu yawan launukan da suke gani. Wanda duk ya kwana da jan ƙwai a kan kunkurunsa, hana shi barci yake yi.

Shuɗin da ake kira hasken wata shi ne na fi ƙi a cikinsu. Launi ne da idonta ke kamawa sosai, kuma shuɗin haske da dare an san yana rikita agogon jiki a dabbobi da yawa, har da mu. Sunan ne kawai mai daɗi. Wata ba shuɗi ba ne, hasken rana ne yake dawo da shi.

Sannan ka kula da rana ma. Ba za ta gane dare ba sai akwai yini. A Kano tsawon yini tsakanin awa 11 da rabi ne zuwa kusan 13 duk shekara, don haka hasken taga ya wadatar, muddin rana ba ta dukan gilashin kai tsaye. In ɗakin rufe yake da labule kana wurin aiki, ka ɗan zuge.

Na ƙarshe, wanda ya fi ƙwan kashe su a gidajenmu: maganin sauro. Fiya-fiya, na fesawa, igiyar leƙo, duk kada a yi su a ɗakin da take. Kyankyason da ka kamo a gidan da aka yi feshi shi ma guba ne. Kuma ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa ta ko akwatin, domin dabbobi masu rarrafe kan ɗauki ƙwayar salmonela a kashinsu ba tare da sun nuna ciwo ba. Kai ma'aikacin lab ne, ka fi ni sani. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 kada su taɓa.

Ɗan Hotoro:

Injiniya, Dakta, Allah ya saka da alheri. Dakta, maganar nan ta cewa ni ne mai bukatar hasken ta zauna min. Amma ga wata: ko ban kunna komai ba ɗakin 33 yake da dare, da la'asar kuwa na tabbata ya fi haka. To wannan fa? Esi ba nawa ba ne. Sannan in hunturu ya dawo, tunda jan ƙwan ya tashi aiki, da me zan ɗumama ta?

Dakta (likitar dabbobi, Zariya):

Na bazarar ya fi gaggawa. Digiri 31 zuwa 33 shi ne abin da ake so a ɓangarenta mai ɗumi, amma ya kamata ɗaya ɓangaren ya tsaya wajen 25 zuwa 27, da dare kuma ko ya sauka 23 babu komai. Kai yanzu duka akwatin ɓangaren ɗumi ne. Ka sauke shi daga kan teburi ya zauna a daɓen ƙasa, jikin bangon da ba ya shan rana. In akwai ɗaki a ƙasan benen da za a yarda ka ajiye zuwa faɗuwar ruwa, ya fi. Ɗaya daga cikin tsingaron nan ka riƙa jiƙa shi safe da yamma, ka sa danshin ƙasa a ƙarƙashinsa. Iskar Maris da Afrilu busasshiya ce, ruwan yana tashi yana tafiya da zafi, yadda randa ke sanyaya ruwa. Wannan lungun mai danshi zai kuma taimake ta lokacin saɓa, don in wuri ya bushe tsohuwar fata kan maƙale a 'yan yatsu ta shaƙe su har su guntule. Ranar da zafi ya yi tsanani, gorar ruwa mai ƙanƙara a naɗe da tawul, a ɗora kan raga ta gefe ɗaya. Kuma ma'aunin naka, ka samu mai 'yar waya da ake zurawa ciki, wanda ke riƙe mafi zafi da mafi sanyi, ka sa bakin wayar a ƙasa inda cikinta ke taɓawa. Zafin da ya fi haɗari na ƙarfe uku na rana ne, lokacin ba ka nan.

Mutumin Jos:

Na hunturu ku bar min, mu ne 'yan gari. Nan tsaunin ya haura mita 1,200, a Disamba da Janairu dare kan sauka ƙasa da digiri 12. Ni ƙaramar mesa nake kiwo, irin mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, wadda ake fitarwa Turai da Amurka daga Gana da Togo da Binin. Ita ma ta dare ce.

Abin da nake amfani da shi ƙwan tangaran ne. Siffarsa kamar ƙwan lantarki, a mazaunin ƙwai ake murɗa shi, amma ba ya ba da haske ko ƙyas, zafi zalla. Ɗan'uwa, ka ji sharuɗɗansa da kyau don ba abin wasa ba ne. Jikinsa yana zafin da zai sale maka fata nan take, kuma da yake ba ya haske ba ka sanin a kunne yake. Mazaunin roba narkewa yake, sai na tangaran. Mai murɗi ne, ba mai fil biyu irin na tsofaffin gidajenmu ba, don haka ka duba kafin ka saya. A kewaye shi da kejin waya. Kuma dole a haɗa shi da na'urar daidaita zafi, mai yanke wuta in an kai lambar da ka sa. Wanda ya kunna shi babu wannan na'ura, abin da ya faru da jan ƙwanka ne zai faru, sai dai wannan karon babu hasken da zai tuna masa.

In za a aiko maka daga waje ka tabbata na bolt 220 zuwa 240 ne. Kayan Amurka na 120 ne, kana jonawa a nan zai ƙone. Na Ingila da Dubai suna yi.

Amma gaskiya ga ƙaramin akwati irin naka tangaran ya yi yawa, kuma yana busar da iska, ga hunturu dama a bushe yake. Shimfiɗar ɗumi ta fi dacewa da kai, wata 'yar falle ce da ake mannawa a ƙarƙashin gilashi ta waje, ta rufe kashi ɗaya cikin uku na gindin akwatin. Ita ma da na'urar daidaitawa, kuma ka ɗan ɗaga akwatin da ƙananan katako iska ta riƙa wucewa, in ba haka ba gilashi na iya tsagewa.

Daren da babu wuta kuma, gorar ruwan zafi a naɗe a zane, a jingina ta jikin gilashi ta waje, a lulluɓe akwatin da bargo a bar kafar iska. Kada wani ya ba ka shawarar kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, kai ma ba za ka tashi ba, balle ita.

Injiniya Mai Sola:

Mutumin Jos ya faɗi gaskiya a kan mazaunin roba, na sha canza wa masu kiwon kaji irinsu sun narke. Ɗan Hotoro, ga lissafin batir don kada ka yi sha'awar tangaran. Mai wat 100 in ya yi awa 8 ya ci wat-awa 800. Batir mai bolt 12 da am 200 yana ɗauke da 2,400, kuma in irin mai ruwa ne rabi kawai ake taɓawa in ana so ya yi ƙarko. Ka ga ƙwai ɗaya ya cinye kashi biyu cikin uku na abin da kake da shi, in ma naka ya kai 200 ɗin. Shimfiɗar kuwa ta girman akwatinka tsakanin wat 7 ne zuwa 15, ko ta kwana a kunne ba ta wuce 120 ba. Kuma da hunturu ba ka kunna fanka, sai su yi musaya.

Dakta, to yanzu ja ko me? Na ce ja, na ga kamar kin kushe shi.

Dakta (likitar dabbobi, Zariya):

A'a Injiniya, jan ƙwan fenti na kushe, ba naka ba. Jan LED launi ɗaya tak yake fitarwa, babu ragowar kore ko shuɗi a ciki, don haka ga wannan dabbar shi ya fi sauƙi a ido, in mai rauni ne kuma na ɗan lokaci. Aibinsa ɗaya ne, kuma a wajena babba ne: cikin jan haske komai ja ne. Ba zai gane ciwo a baki ba, ko fatar da ta maƙale, ko launin kashinta. Saboda haka ni da zan zaɓa, ja don kallon farauta, sannan sau ɗaya a mako ya fito da ita da safe ya duba ta a hasken taga, ya auna nauyinta. Jelar ma'ajiyar kitse ce, in ta fara ramewa akwai magana ko da yana ganin tana ci.

In ja bai samu ba, LED mai haske launin ruwan ƙwai, wanda ake rubuta wa 2700K, a haska bango kamar yadda ka ce. Mai 6500K shi ne farin da ke da shuɗi da yawa, a bar shi. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne: ka zauna cikin duhu minti biyar idonka ya saba, sannan ka kunna. In kana iya karanta jarida a bakin akwatin, ya yi yawa.

Mai hali kuma akwai kyamarar tsaro mai ganin dare, wadda ake haɗawa da waya. Hasken da take amfani da shi ya wuce ja, idon tsaka ba ya kama shi. Sai dai gilashi yana dawo mata da hasken hoton ya yi fari fat, don haka ta saman raga ake leƙa da ita.

Baba Na Gwale:

Yanzu har da kyamara. Ni shagona ma babu.

Ɗan Hotoro:

Baba, kyamarar sai an yi albashi, in an saya zan fara kawo maka aro.

Ga inda aka kwana. Na samo igiyar LED ja a Sabon Gari, na yanke ƙwaya uku, na manna a ƙafar teburi tana kallon bango. Da farko ya yi yawa, ina iya karanta rubutun kwalin kalshiyam, sai na rufe da takarda. Akwatin ya sauko ƙasa jikin bangon gabas. Jiya na zauna shiru, ta leƙo, ta fito, ta ɗaga jela tana kaɗawa a hankali, ta cafke gyare biyu a gabana. Ma'auni bai motsa ba daga kunnawa zuwa kashewa.

Zafin ɗakin dai bai gama warwaruwa ba. Ƙarƙashin jiƙaƙƙen tsingaro 28 nake samu, kuma can take yini yanzu, amma ɗaya ɓangaren ya taɓa 35 da rana. Na yi wa mai gidan magana a kan wani lungu a ƙasan matakala, ya ce sai ya shawarci iyalinsa, kuma ban faɗa masa ko mene ne a akwatin ba tukuna.

Mutumin Jos, na'urar daidaita zafin nan, in an ɗauke wuta aka dawo da ita, tana riƙe lambar da ka sa mata ko sai an sake saitawa? Don in mai mantuwa ce, gara in nemi mai maɓallin murɗawa tun kafin Nuwamba.